Tafiyar Ƙafa da Rahibin Habasha

A Abeche, cikin ƙasar Cadi, aka naɗa ni shugaba, a gindin wata katanga muna jiran motar da za ta kai mu iyakar Sudan. Mu biyar ne, duk daga ƙasar Tambuwal da Kebbe. Niyyarmu mu yi aikin gona a Sudan, in mun haɗa guzuri mu tsallaka teku mu sauke farali. Wannan shekaru ne kafin yaƙin da ya ɗaiɗaita ƙasar. Babbanmu shi ne Baba Ladan na Sanyinna, manomi, ya haura hamsin, bai taɓa wuce Sakkwato ba sai a wannan tafiya. Sai Shehu na Dogon Daji, magini, mai saurin fushi da saurin hucewa. Sai wa da ƙane, Sani da Umaru, 'yan garinmu Kebbe. Ni kuma Attahiru, a lokacin ina koyarwa a wata islamiyya a Tambuwal, damina ta faɗi in koma gonar gidanmu.

Baba Ladan ne ya kawo maganar. Ya ce, "Malam, tafiya ba ta yi sai da jagora. Kai ka jin Larabci, kai ka karanta takarda. Kai as shugabanmu."

Na ce ai shi ne babba. Ya yi dariya ya ce furfurarsa ba za ta yi wa ɗan sandan Sudan bayani ba. Na karɓa, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi.

Daga nan zuwa Nyala muka sha bayan babbar mota, a kan buhunan gishiri, ana sauke mu a kowane shinge ana juya takardunmu. Ni nake magana, ni nake roƙo, ni ake zagi, kuma nakan fitar da mu. A Nyala wata tsohuwa mai sayar da shayi ta ji muna hira, ta ajiye butarta ta zo ta tsuguna gabanmu. Hausarta irin ta kakanninmu ce. Ta ce kakanta ya baro ƙasar Sakkwato a ƙafa zai je Makka, a nan ƙarfinsa ya ƙare. Ita ba ta taɓa ganin ƙasar ba. Ta tambaye mu ko har yanzu ana yin hoce. Baba Ladan ya zauna ya kwatanta mata yadda matarsa take gasa shi, tun daga jiƙa dawa har ya fito da zafinsa. Ta ba mu shayi sau biyu, ta rantse ba za ta karɓi komai ba.

A Gadarif muka yi wata biyar muna yankan riɗi. Gonakin can ba su da iyaka, mutum ya duba gabas ya duba yamma bai ga bishiya ba. Ƙasar baƙa ce, in an yi ruwa ta kama ƙafa har idon sawu, in ta bushe ta dare. Ruwan sha a tanki ake kawo shi, da ɗumi da ƙanshin tsatsa. Abincin kullum asida, wadda suke cewa tuwo ce, mu dai ba mu taɓa yarda ba. Ranar Juma'a muke shiga gari, mu yi salla, mu kira gida. Baba Ladan in ya gama waya sai ya ce, "Yanzu albasa ta fara kai a fadama." Kowa da fadamar da yake tunani.

A masallacin Juma'ar nan na san Alhaji Jibo. Bahaushen can ne, kullum a sahun gaba, farin kaya, turare, doguwar carbi. Ustazu yake kirana. Ya ce hanyar teku ta wajen Sawakin ta ɓaci, ana kama mutane, amma yana da sabuwa ta cikin Habasha har bakin ruwa, kuma saboda ni almajirin ilimi ne zai yi mana a sauƙaƙe. Na tara mutanena na ce musu na auna mutumin, mai tsoron Allah ne. Muka damƙa masa abin da muka tara.

Kwana biyu kafin mu tashi, wani wanzami da yake mana aski ya riƙe kaina ya yi ƙasa da murya. Ya ce, "Malam, waɗanda suka bi Alhajin nan bara, har yau ba wanda ya kira ya ce ya sauka." Na gane gargaɗi yake yi mini. Amma na riga na tsaya gaban mutane huɗu na yabi mutumin, kuma ban iya komawa in ce musu na yi kuskure ba. Ban gaya wa kowa ba.

Da hantsi muka tsallaka iyaka ta wani busasshen rafi, kudu da Matamma. Wata a-kori-kura ta ɗauke mu, ta bar titi ta shiga daji, aka yi ta hawa da gangara har la'asar. Direban ya sauke mu a wata tsohuwar rumfar ma'aikatan gona kusa da wani tafki, ya ce babbar mota tana tafe. Kwana uku muka yi muna sauraren ƙarar inji. Zazzaɓin da Baba Ladan ya taso da shi daga Gadarif ya kwantar da shi, idanunsa suka yi rawaya, ko ruwa ya sha sai ya dawo.

Rana ta huɗu a-kori-kurar ta dawo, cike da buhuna da mutane. Direban ya ja ni gefe ya yi mini magana da Larabci. Ya ce, "Babu wata mota. Alhajinku ya bar Gadarif. Ina da wurin mutum ɗaya zuwa Gondar, daga can mai baki irinka ba zai rasa hanya ba. Ka gaya musu abin da ka ga dama."

Na koma rumfa na ce musu zan bi shi in taho da motar, in sayo wa Baba magani. Sani da Umaru suka yi mini addu'a. Shehu ya dube ni. Baba Ladan ya ɗago hannu da ƙyar ya ce, "Allah shi kiyaye hanya, Malam."

Na hau. Na yi shekaru ina gyara wannan wurin in na ba da labari a zuciyata, amma gaskiyar ita ce lokacin da na ɗora ƙafata a kan tayar motar nan ba ni da niyyar dawowa. Na ce wa kaina ina da mata da 'ya'ya uku a Kebbe, na ce zamana a rumfa ba zai warkar da kowa ba, na ce in na isa gari zan turo wani. Dalilai sun zo mini da yawa, kowanne da kamar gaskiya.

Gab da magariba direban ya tsaya a wata mararraba, ya ce akwai sojoji a gaba. Ya karɓi wayata wai zai kira wani, ya ce in sauka in ɗan jira. Ina sauka ya ja motarsa. Na kwana a barandar wani shago.

Da safe na sami wata maɓuɓɓuga a gefen ƙauyen na yi alwala. Mata masu ɗibar ruwa suka ja baya suna kallona. Na yi salla, na ɗauki jakata na fuskanci hanyar da motar ta bi. A gindin wani ƙaton ɓaure wani tsoho yana zaune, siriri kamar kara, ya yafa wani mayafi ruwan ɗorawa da ya koɗe, da 'yar hula zagayayya, da doguwar sanda, da gicciyen ƙarfe a hannunsa. Masu wucewa suna rusunawa su sumbaci gicciyen. Na kawar da kai zan wuce, sai na ji an yi mini sallama da Larabci mai kyau.

Rahibi ne, irin masu bautar nan na Kirista da suke barin aure da dukiya, waɗanda muke karanta labarinsu a littattafai ban taɓa zaton zan ga ɗaya da idona ba. Mutanen wurin Abba suke ce masa, ni ma haka na kira shi. Ya ce Larabcin a Masar ya koya, da kuma a hanyar Ƙudus. Ya kwance wani ƙullin tsumma ya miƙo mini gasasshen hatsi. Na tsaya ina kallon hannun. Ya gane, ya ce, "Sha'ir ne da gishiri, ɗana. Ba a yanka komai a ciki ba." Rabona da abinci tun safiyar jiya. Na zauna na ci.

Ya tambaye ni daga ina. Na ce Nijeriya.

"Kai kaɗai ka taso tun daga can?"

"Mu biyar ne."

"Ina huɗun?"

Na ce suna baya, ɗayanmu ba shi da lafiya, magani zan nemo. Ya ɗaga sandarsa ya nuna hanyar da na fito. Ya ce, "Asibiti yana can, garin da kuka wuce jiya. Inda ka dosa babu komai sai duwatsu, kwana uku."

Ban san abin da ya sa ba, wataƙila don baƙo ne da ba zai taɓa zuwa Kebbe ba, sai na gaya masa komai, har da maganar wanzami. Ya saurara yana tauna hatsinsa a hankali, don haƙoransa kaɗan suka rage. Da na gama bai yi mini faɗa ba. Ya tambayi kamannin tafkin da rumfar, ya gyaɗa kai, ya ce ya san wurin, ta kan tudu yini ɗaya da rabi ne a ƙafa. Ya dogara sandarsa ya miƙe.

Ya ce, "Ni ba wanda yake jirana a ko'ina. Tashi mu je."

Tsohon nan ya kai saba'in, amma ni nake haki a bayansa. Takalmansa na tayar mota ne. Ba ya magana in ana hawa, sai an zauna. In lokacin salla ya yi shi yake tuna mini, ya duba inuwa ya ce, "Lokacinka ya yi." Sai ya koma gefe ya tsaya, ya dogara haɓarsa a kan sanda, yana motsa baki da nasa. Bai taɓa kirana zuwa addininsa ba. Ni na gwada sau ɗaya, ya saurare ni har na ƙare, ya ce ya gode, muka ci gaba da tafiya. Ina kan addinina daram, a kansa nake fatan cikawa, amma ba zan yi wa mutumin nan ƙarya ba: ban taɓa tafiya da wanda ya fi shi sauƙin zama ba.

Da azahar muka huta a bakin wani kwazazzabo, na tambaye shi me ya fito da shi yawo da tsufansa. Ya ce da can shi ne shugaban wani gidan ibada a kudu, rahibai da yawa a ƙarƙashinsa. Gidan talakawa ne, suna noma abin da za su ci, ƙofarsu ba ta da makulli. Sai manyan ƙasa suka gano wurin. Wannan ya kawo kwanon rufi, wancan ya kawo janareta, wani ya kawo mota. Duk wanda ya kawo sai ya zo da masu ɗaukar hoto. Aka yi katanga, aka sa ƙofar ƙarfe.

"Wata shekara ruwa ya ƙi zuwa," in ji shi. "Mutanen ƙauye suka taru a ƙofarmu suna neman hatsi. Rumbunmu a cike yake, amma saura kwana biyu wani babban mutum ya zo bikin buɗe sabon ginin da ya yi mana. Na ce a rufe ƙofa, bayan biki a raba. Kwana biyu kawai na ce. A cikin masu jiran akwai wani tsoho da ya yi shekara talatin yana kawo mana zuma kyauta. Ranar bikin aka same shi a jikin katanga ya mutu. Muna ciki muna waƙar yabon Ubangiji."

Ya ce washegari ya buɗe rumbu ya raba, ya ajiye makullai a kan tebur, ya fita. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

"Na taka ƙasashe da yawa tun daga ranar," ya ce. "Ko'ina na je wuraren ibada sun ƙaru, namu da naku. Sun fi na da girma, lasifikarsu ta fi ƙara. Amma a da in na shiga gari da yamma, kafin in zauna an kawo mini ruwa. Yanzu sai a leƙo ta taga a tambayi wanda ya aiko ni. Mutane ba su daina salla da azumi ba, ɗana. Kunyar Allah ce ta ragu, wadda mutum yake ji in ba kowa a wurin. Kuma daga wurinmu suka koya. Sun ga mai wa'azi yana cin abinci a gidan wanda ya ƙwace musu gona. Sun ji abin da muka faɗa, sun kuma ga inda muka zauna, sai suka bi na biyun."

Maganar ta zo daidai da abin da na saba faɗa, sai bakina ya buɗe. Na ba shi labarin gida: masallaci a kowace kusurwa a Tambuwal, amma mudun awo an bubbuge gindinsa; takin da aka ce na manoma ne sai a gan shi a shagon wani; masu neman ƙuri'a su cika sahun gaba har a gama zaɓe. Na ce shugabanninmu ne suka kashe mu, mu talakawa ba mu da yadda za mu yi. Na yi ta zuba, don wa'azi ne da na yi sau da yawa, ana kuma yaba mini.

Ya bari na gama. Sannan ya ce, "Kai mutum nawa aka ba ka?"



"Huɗu," ya ce. "Su an ba su dubbai, kai an ba ka huɗu. Da aka ce wurin mutum ɗaya ne a mota, wa ya hau?"

Raina ya ɓaci. Na ce masa shi ma ai barin nasa ya yi ya kama hanya. Ina faɗa na yi nadama, amma ko gezau bai yi ba.

"Gaskiya ka faɗa," ya ce. "Na bar makullan a hannun wanda ya fi ni son biki. Mutane suna ganina da tsumma suna sumbatar hannuna, suna cewa na bar duniya. Ni kuwa har yau ban sani ba, tuba nake yi ko gudu. Tafiya tana da daɗi, ba mai kawo maka ƙara, ba wanda zai mutu a ƙofarka. Shi ya sa da na ji labarinka na tashi. Kai naka kwana ɗaya ne, ana iya komawa."

Muka kwana a wani ƙauye a kan tudu. Wata mata ta kawo mana irin wainarsu mai faɗi da tsami, da miyar wake, ta tsaya sai da ta ga na ci. Da safe Abba ya yi magana da mijinta, mutumin ya ɗaura wa jakinsa amalanke ya biyo mu, bai tambayi ko ni wane ne ba.

Rana ta take tsaka muka hango tafkin. Shehu yana zaune bakin rumfa yana jiƙa rawani yana shafa wa Baba Ladan a goshi. Sani da Umaru sun tafi tun jiya, sun nufi iyakar Sudan a ƙafa. Daga baya muka ji sun isa lafiya. Shehu ya miƙe ya dubi jakin, ya dubi tsohon, ya dube ni.

"Ina motar, Malam?"

Na ce, "Babu mota, Shehu. Tun ranar da nit tafi na san babu. Guduwa niy yi. Kuma tun Gadarif anka gargaɗe ni kan Alhaji, ban faɗa muku ba."

Ya yi tsalle ɗaya ya shaƙe wuyan rigata. Ban ɗaga hannu ba. Yana kuka yana girgiza ni yana cewa kwana biyu yana korar ƙudaje daga bakin dattijon nan, yana ce masa Malam na tafe. Sai muka ji muryar Baba Ladan daga cikin rumfa, siririya.

"Sake shi, Shehu. Ai ga shi nan." Ya numfasa. "Malam, ba ni ruwa."

Na tallafi kansa na ba shi. Ya ga Abba tsaye a bakin rumfa, ya ce, "Wane na wannan?"

"Baƙo na, Baba. Shi yam maido ni."

"Tau, a ba shi wuri shi zamna. Ya sha rana."

Muka shimfiɗa masa buhuna a amalanke, muka yi masa inuwa da mayafin Abba. Sai washegari da hantsi muka isa garin mai asibiti. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta yi iya ƙoƙarinta, ta sa masa ruwa, ta yi masa allurai, amma ta gaya wa Abba da yarensu cewa an makara. Na tambaye ta, ta bakinsa, da an kawo shi kwana biyu da suka wuce fa? Ta ɗaga kafaɗa ta ce Allah ne ya sani. Amsar ke nan da nake da ita har yau.

Kwana biyu ya yi. Rana ta uku da walaha ya cika, kansa a kan cinyata.

Ban san kowa a garin ba, ban san inda ake binne Musulmi ba. Abba ne ya shiga kasuwa ya nemo wasu 'yan tireda Musulmi, suka kawo likkafani, suka nuna mana maƙabartarsu. Ni na wanke shi. Ƙasar wurin dutse ce, Shehu ya yi ta sara har tafin hannunsa ya fashe. Tsohon nan ya ajiye sandarsa ya karɓi diga, duk yadda muka hana shi ya ƙi. Da muka tsaya salla ya koma can nesa gindin wata bishiya ya tsaya, har muka rufe kabari.

A bakin maƙabartar muka rabu. Na rasa abin da zan ba shi, ba ni da komai sai godiya. Na tambaye shi ina ya nufa. Ya dubi kudu ya daɗe.

Ya ce, "Daga nan zuwa gidan da na bari kwana tara ne. Ban sani ba ko ƙafata za ta yarda."

Ya ba Shehu hannu, ya ba ni, ya kama hanya. Ban sake jin labarinsa ba, ban kuma san ko ya isa ba.

Mu kuma muka kai kanmu wurin jami'an iyaka. Aka tsare mu mako biyu a wani ɗaki mai zafi, sannan aka miƙa mu Sudan. Hausawan Gadarif suka taimaka, wanzamin nan ne ma ya bi shago-shago yana haɗa mana kuɗin mota. Muka sake bin hanyar da muka zo, shinge bayan shinge, ba Makka, ba guzuri, ba Baba Ladan. Shehu bai yi mini magana ba sai da muka wuce Nyala. Ranar da ya fara, cewa ya yi in miƙo masa buta.

Da motar Sakkwato ta sauke mu a tashar Tambuwal, ban nufi Kebbe ba, na ce Sanyinna zan fara zuwa. Labarin rasuwar ya riga mu ta waya, amma ba wanda ya san yadda aka yi. Muna jiran masu babur Shehu ya matso kusa da ni.

"Malam, ni ba ni faɗa ma kowa. Su Sani ba su san komi ba. A bar shi hakanan."

Na ce masa na gode, amma da bakina zan faɗa.

A zauren gidan muka sami wansa, Baba Dikko, da wasu dattawa uku. Matar marigayin, Inna Hajo, tana zaune daga bayan ƙofar cikin gida, muna jin motsinta. Bayan gaisuwa da addu'a na ba da labarin tun daga Abeche. Ban tsallake wanzami ba, ban tsallake motar ba, ban tsallake abin da ma'aikaciyar asibiti ta ce ba. 

Inna Hajo ce ta fara magana. "Malam, da yaz zo cikawa, kana wurin?"

"Ina wurin, Inna."

"Ya samu kalmar shahada?"

"Ya samu. Ni nil laƙƙana mai, ya maimaita sau biyu."

Ta ce, "Tau. Ni na yafe ma kwana biyun. Allah shi yafe muna baki ɗai."

Baba Dikko bai ce ya yafe ba. Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya shiga gida, bai ba ni hannu ba. Ban ga laifinsa ba. Labarin ya bazu har Tambuwal da Kebbe, wasu iyaye suka cire 'ya'yansu daga ajina, wasu suka daina bina salla in na shiga gaba. Na koma gona, na riƙe 'yan ɗaliban da suka rage. Na kuma daina irin wa'azin nan na zagin manya da ake tafa mini, don duk lokacin da na buɗe baki sai in ji nauyin abin da zan faɗa.

Damina biyu bayan haka, wata safiya ina gyaran shingen gidanmu, babur ya tsaya a ƙofa. Baba Dikko ne da kansa, ya tuƙo tun daga Sanyinna. Na rusuna na gaishe shi, ya amsa a gajarce, bai ko sauka ba. Ya ce 'ya'yan marigayin sun girma, ana so a raba musu gonar fadama, an yi zama uku ana tashi da rigima, kowa yana zargin an ja wa wani. Ya ce yana son wanda zai riƙe igiyar awo.

Na ce, "Baba, malamai sun cika Sanyinna."

Ya ce, "Sun cika. Ɗauko hularka."

Na shiga na ɗauko hulata, na hau bayansa.